Fuskar Baba a Jikin Kwalba

A kan iyakar Kamba aka fara cutata, kuma da murmushi aka yi ta. Ina zaune a saman motar albasa, ƙafafuna sun yi tsami, sai wani mutum mai fararen kaya da carbi ya ɗago kai ya yi mini sallama da Hausar gida. Ya ce in ba ni da katin rigakafi ba za a bar ni in tsallaka ba, amma kada in damu, shi ɗan'uwana ne. Na miƙa masa abin da ya nema. Ya shiga wani lungu bayan masu canji, har yau ina jiran sa. Direbanmu Mamman, mutumin Goronyo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Sahabi," in ji shi, "bisa wagga hanya, in mutum yac ce maka ɗan'uwa, dahe aljihunka."

Daga Marnona nake, ta ƙasar Wurno. Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Ladan yake cewa. Gonakinmu na nesa da gari sun daina shiguwa saboda halin da ake ciki, shi ya sa na bi motar albasa zuwa Ankara, babban birnin Gana, neman abin yi. Kayana ba su da yawa: jaka ɗaya, da rabin buhun dawa da Baba ya ɗaure da hannunsa, tsarabar mai masaukina, domin a wajenmu ba a sauka gidan mutum hannu rabbana. Dawar ba irin ta kasuwa ba ce. Wani iri ne fari mai ɗan ja a baki da Baba ya riƙe shekara da shekaru, yana ba duk wanda ya roƙa, har mutanen yankinmu suka sa mata suna 'yar Ladan.

Bayan Kamba sai na zama mai zargin kowa. A Faraku, cikin ƙasar Binin, motar ta lalace muka yi zaman dirshan a bakin titi. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta ga leɓena ya bushe, ta cika ƙwarya ta miƙo mini. Na ƙi karɓa. Ba ma jin yaren juna, amma ta gane abin da ke raina sarai. Ta kai ƙwaryar bakinta ta kurɓa, ta sake miƙowa. Na shanye tas ina jin kunya, da na ciro kuɗi ta kawar da kai. Ko a lokacin ma sai da na zauna ina sauraron cikina, ko zai murɗa.

A Lome na fara ganin teku, ban ji komai ba sai tsoro. Ruwan sama ya same mu a can, tamfol ya yi yoyo, muka yini muna tsince ruɓaɓɓiyar albasa kada ta kashe sauran. Ni kuwa buhun dawar nan na rungume shi a ƙarƙashin rigata kamar mai goyo.

Mai masaukina a Ankara shi ne Alhaji Ɗan-Ige, mutumin Rimawa, dillali a babbar kasuwar albasa da ke wajen gari. Sun yi fatauci tare da Baba suna samari, don haka Kawu nake ce masa. Mutum ne mai faɗin fuska da haƙorin Makka, ba ya magana sai ya dafa kafaɗarka. Ya ba ni tabarma a shagonsa, ya sa ni aikin ware albasa da ɗinkin buhu. Ban zarge shi ba. Duk zargin da na taho da shi daga Kamba, a ƙofar shagonsa na sauke, saboda ya san sunan kakata, ya san rijiyar bayan gidanmu.

Kewar gida ta dame ni a watannin farko. Abincinsu mai tsami ne da kifi, harshena ya ƙi shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran salla. Ladanin kasuwar yana da murya mai kyau, amma duk sanda ya ɗaga ta sai in ji kamar wani ya sa rigar Baba.

Wata rana Kawu ya kira ni, ya ɗebo dawar tsarabar a tafin hannu yana juyawa.

"Ɗana, wagga dawa taku, akwai ta da yawa gida?"

Na ce akwai, rumbunmu cike yake, maƙwabta ma suna da ita.

"Wata mata ta nika hwaɗa maka, tana yin kunu na kwalba, irin na 'yan birni. Ta gwada ta, ta rikice. Kira tsoho."

"Kunu, Kawu?"

"Kunu mana. Mi kaka tsammani?"

Na kira Baba. Ban taɓa jin murna a muryarsa irin ta ranar ba. "Dawata? Bakin teku?" Ya yi ta maimaitawa. Sannan ya ce, "To, in ɗiyan mutane za su sha, sai a zaɓo mai kyawo." Ya sa Inna ta sheƙe ta sau biyu. Maƙwabtan da suka karɓi iri a hannunsa su ma suka kawo tasu, Mamman ya riƙa ɗoro buhunan a saman albasa. A Marnona labari ya bazu cewa 'yar Ladan ta ci kasuwa a Gana, mutane na tsayar da Baba a hanya suna yi masa barka.

A hankali wasu abubuwa suka fara tsaya mini a rai. Kunun da ake ta yabo, ban taɓa ganin kwalbarsa ko ɗaya a kasuwa ba, alhali babu abin sha da ba a kawo mana talla. Kawu mutum ne da ko butarsa sai an miƙo masa, amma in ƙaramar motar ɗaukar dawa ta zo, shi da kansa yake bin ta, ni kuma ya aike ni wani wuri. Sai kuma ranar da ya ce matar tana son ganin manomin, in turo masa hoton Baba. Ina da guda ɗaya da ƙanwata Hajo ta ɗauka a lokacin kaka, Baba a tsaye cikin gona da farar riga da hula, ya ɗaga zangarniya yana dariya. Na tura. Amma na daɗe ina kallon wayar bayan ya tafi, ina tambayar kaina yaushe mai kunu ta fara neman hoton manomi.

Wata Asabar motar Kawu ta faɗi da kaya a hanyar Kumasi, dole ya tafi. Da hantsi sai ga ƙaramar motar ta zo ɗaukar sauran buhuna. Na taya direban lodi, da muka gama na haye baya na yi zamana. Ya dube ni, na dube shi, ya ja mota.

Tun kafin a buɗe ƙofar gidan hancina ya gaya mini. Wari ne na jiƙaƙƙen hatsi da ya kwana ya yi tsami, irin wanda muke toshe hanci mu wuce in mun bi ta bayan bariki a Sakkwato. A ciki manyan tankuna ne na farin ƙarfe da bututu ko'ina. A tsakar gida ana jera kujeru da tebura, ana goge kofunan gilashi.

Wata gajeriyar mata mai tabarau da takalman roba ta fito, ta kalle ni, ta tafa hannu. Da Turanci ta yi magana, ni kuma ina da ɗan abin da na tsinta a sakandaren Wurno.

"Kai ɗansa ne! Hancinku ɗaya. Ni ce Madam Efuwa. Ka zo a ranar da ta dace, yau muke fito da ita."

Ta ja ni wani ɗaki cike da kwalaye, ta buɗe ɗaya, ta zaro kwalba ta ɗaga mini. Ga Baba. Farar rigarsa, hularsa, zangarniyarsa, dariyarsa, an manna a jikin kwalbar giya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: 'Yar Ladan, Marnona.

Abin da ya fara zo mini shi ne izgili take yi, ta sani, ta kawo ni ne ta ga yadda zan yi. Na zuba mata ido ina neman alamar mugunta, ban samu ba, kuma rashin samun ya ƙara mini zargi. Ita kuwa sai zuba take. Ta ce wurinta ƙarami ne, ba ta yin da yawa, wannan sabuwa ce mai hasken launi irin wadda suke kira fel-el, maimakon sha'ir ta yi ta da dawarmu. Ta ce Alhaji ya gaya mata tsoho ya yi murna ya sa albarka, har ta ba da goron hoto a kai masa.

"Madam," na ce, "akwai magana."

"Anjima, anjima! Baƙi sun fara zuwa. Daga tanki za su fara sha, a ƙarshe mu fito da kwalaben kowa ya tafi da tasa."

Ta fice da gudu. Na bi ta waje na raɓe a kusurwar da nake hango ƙofar ɗakin kwalaye. Wani ya kawo mini ruwan leda, na jujjuya shi na matsa ko an huda, duk da haka ban sha ba.

Ban taɓa ganin shan giya irin wannan ba. A zatona hayaniya za a yi da zage-zage da faɗuwa a kwata. Waɗannan kuwa mutane ne masu tsabta da motoci, sun zauna da rana tsaka fuska a ɗaure kamar masu taya saniya. Aka tsiyayo wa kowa rabin kofi daga famfon tanki. Ba wanda ya kai baki. Sai suka ɗaga kofunan sama suna leƙen rana ta ciki. Wani Bature mai gemu da gajeren wando ya tura hancinsa duka cikin kofin, ya rufe ido, ya daɗe har na ɗauka barci ya kwashe shi. Da ya ɗago ya ce yana jin ɓawon lemu da zuma. Wani mai ƙiba da agogon zinariya ya ce a'a, ɓawon burodi ne, kuma kumfar ba ta daɗewa, wannan aibi ne. Ya kurɓa, ya wuskuta a baki kamar mai alwala, ya haɗiye, ya ce ɗacin yana zuwa a makare amma in ya zo ba ya tafiya. Aka yi dariya, aka tafa masa.

Gardama ta kaure. Wasu suka ce ganyen ɗacin da Madam ke sayowa daga Turai ya yi yawa, ya danne hatsin. Baturen ya ce shi bai yarda a kira ta fel-el ba tunda babu sha'ir a ciki, amma ko me sunanta zai sake sha. Mai ƙiba ya ce taurari huɗu zai ba ta a waya, na biyar sai an gyara kumfa. Akwai wata budurwa da ta ɗaura wayarta a kan sanda tana zagayawa, tana ɗaukar kowa da komai tana surutu ita kaɗai. Ita na fi tsoro. Na san hoto ba ya jiran motar Mamman. Kafin in kai tasha ya isa Marnona, ya shiga wayar kowane ɗan acaɓa, ya kai ga liman. Mutumin da ya tashi gari salla tsawon rayuwarsa, a gan shi yana dariya a jikin kwalba. Wa zai tsaya jin bayani? Ko ba a ce masa ya sauka ba, na san Baba, ba zai sake taɓa lasifikar nan ba.

Can wani dattijo mai furfura da bai ce komai ba tun farko ya ajiye kofinsa, ya ce, "Akwai hayaƙi a ciki. Can ƙasa, bayan ɗacin. Hayaƙin itace." Suka sake tura hanci. Wasu suka ce sun ji, wasu suka ce tsufa ne. Madam ta rantse ba ta kai hatsin kusa da wuta ba.

Ni na san hayaƙin. Inna sana'arta turara shinkafa, kuma murhunta a gindin rumbun dawa yake, kullum hayaƙinta na shiga ta ƙarƙashin jinka. Tun da na bar gida ba abin da ya kawo mini tsakar gidanmu kusa kamar maganar wannan dattijo, kuma daga cikin kofin giya ya tsamo ta. Hawaye suka zubo mini. Ban gaya musu ba, wannan ba nasu ba ne.

Sai na ga ma'aikata sun fito da kwalaye suna jibgewa a gaban taro. Madam ta buga cokali a jikin kofi, ta ce yau akwai babban baƙo, ɗan manomin da kansa. Aka juyo, aka tafa, wayoyi suka tashi sama. Na taka na je, ban tsaya inda ta nuna mini ba. Na hau kan kwalayen na zauna, na dafe na sama da hannu biyu.

Turancina ya watse, amma na tattara abin da ya samu. Na ce mutumin da ke jikin kwalaben nan ubana ne. Na ce Ladan ba sunansa ba ne, aikinsa ne, shi ke kiran mutane salla. Bai taɓa taɓa giya ba, bai san ana yin ta da dawarsa ba, an ce masa kunu ake dama wa yara, har ya sa aka sheƙe ta sau biyu. Na ce in fuskar nan ta fita daga gidan nan, an kashe shi da ransa. Na ce ba zan tashi ba sai dai a ɗaga ni.

Baturen ya ce shi a ganinsa girmamawa ce, a ƙasarsu manomi zai yi alfahari. Mai ƙiba ya ce ya biya kuɗin shiga, kuma an yi masa alkawarin kwalba. Na juya wajen budurwar mai sanda na ce ta ɗauki hoton kwalba? Ta ce a'a. Ban yarda ba. Ta matso ta buɗe wayar tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya, kofuna ne da haƙoran mutane, sannan ta goge wanda ta ɗauke ni a kan kwali, a gabana.

Madam Efuwa ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Fuskarta ta canza, ban san da wa take fushi ba, na fi zaton da ni. Ta ce ta sanar da duniya ranar nan, ta kashe abin da ba ta da shi wajen buga takardun jikin kwalaben. Ta tambaye ni sau biyu, "Bai sani ba? Ko kaɗan?" Na ce ko kaɗan. Ta mayar da tabarau, ta juya ga baƙinta ta ce yau ba wanda zai tafi da kwalba, wanda ya ji haushi ya biyo ta a mayar masa da kuɗinsa.

Wasu suka tafi suna ƙunƙuni. Dattijon mai furfura ya naɗe hannun riga, ya ce a kawo baho da ruwan ɗumi. Haka muka zauna mu uku har rana ta yi sanyi, muna jiƙa kwalabe muna ɓare fuskar Baba. Ni da ban taɓa riƙe kwalbar giya ba, ranar na riƙe fiye da mashayi, ina yi ina istigfari. Ko a nan ban saki jiki ba, duk kwalin da aka ce an gama sai na sake buɗewa na duba. Jiƙaƙƙun takardun kuwa na kasa zuba su a bola, na tara su a buhun da dawar ta zo a ciki.

Madam ta kira Kawu a gabana, ta yi masa wankin babban bargo, ta ce cinikinsu ya ƙare. Ko minti ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Babu ɗana, babu dafa kafaɗa.

"Kai, ɗan ƙauye, ka san abin da kay yi? Hoton kwalba na nan cikin wayata. Kuma kai kat turo hoton ubanka da hannunka. Ka koma ka ba matar nan haƙuri ta ci gaba da saye, in ba haka ba dut Marnona sai ta gani. Mu ga wa za a yarda da shi, ni ko kai."

Ban koma shagonsa ba. Na iske Mamman a tasha, ya ji labari, wannan karon bai yi dariya ba. Ya buɗe mini gaban mota ya ce in kwana nan. Da safe ya ce, "Abu guda ya rage maka. Ka riga shi."

Na yini ina ɗaga wayar ina ajiyewa. Sai gab da la'asar ta can gida na danna. Baba ya ɗauka da fara'arsa.

"Sahabi! Ya bakin teku? Ɗiyan sun sha kunu?"

Na gaya masa komai, ban rage ba, har hoton, har barazanar Kawu. Na ji yana salati a hankali, ya yi ta yi. Na jira ya yi mini faɗa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Kun ɓare dut?"

"Duka, Baba."

Sannan ya rage murya, kamar kada wani ya ji.

"To... su da sunka sha, mi sunka ce? Dawar ta yi kyawo?"

"Sun yaba, Baba. Wani tsoho ya ce yana jin hayaƙin itace a ciki."

Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Hayaƙin innarka na," in ji shi. "Allah shi gahwarta muna. Lokaci ya yi, bari in tai."

Baba bai iya kashe waya ba, a aljihu yake jefa ta. Na ji takun takalminsa, na ji ƙarar ƙofar masallaci, na ji ya hura lasifika sau biyu yadda ya saba. Ya yi kiran salla, ina zaune a gaban motar albasa a ƙasar mutane ina amsawa. Da ya gama bai kashe lasifikar ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, in an sallame kar kowa shi tashi. Ina da magana, kuma da bakina nika son ku ji ta." A nan katina ya ƙare.

Sai washegari da azahar na samu na sake kira. Hajo ce ta ɗauka. Ta ce Baba ya faɗi komai a gaban sahu, ya roƙi duk wanda ya kawo dawa saboda shi ya yafe masa, ya kuma ce in an ga bai cancanta da ladanci ba ga lasifika nan. Wasu sun ji zafin kasuwar da ta rufe, sun faɗa. Hoton da Kawu ya turo ya iso da safe, ya tarar kowa ya riga ya ji.

"To mi anka yanke?" na ce. "Ina Baba?"

"Yaya, yi shiru," in ji ta. "Saurara."

Ta ɗaga wayar sama. Muryar ta ɗan dishe, amma tasa ce.